Hutun Iyali a Kan Ruwa: Daga PZ Zuwa Lakwaja

Wata ranar Asabar muna dawowa daga kasuwar Sabon Gari, muka tsaya a PZ muna jiran motar Samaru. 'Yarmu mai shekara 15 ta miƙo mana wayarta, ta ce, "Baba, Mama, ku dubi irin hutun da waɗansu suke yi da 'ya'yansu." Muka duba, sai ga hoton wani jirgin ruwa kamar gari guda yana tafiya a kan teku.

Sunan jirgin Icon of the Seas. Ya fara ɗaukar mutane a watan Janairu 2024 daga birnin Mayami na Amurka. Tsawonsa ya kai mita 360 da ɗoriya, in ya cika kuwa yakan ɗauki fasinja fiye da 7,000. Masu shiga irin wannan jirgi ba wani gari suke sauri su kai ba. Tafiyar kanta ita ce hutun. A ciki suke ci, a ciki suke kwana, jirgin yana tsayawa a wannan tsibiri yau, gobe a wancan, bayan mako guda ya komo inda ya tashi.

Muka yi dariya, muka ce mata, "Da wane kuɗi?" Gama kafin mutumin Zariya ya taka irin wannan jirgi, sai ya nemi fasfo da biza ga kowane ɗan gidansa, ya biya kuɗin jirgin sama, sa'an nan ya biya kuɗin jirgin ruwan da dala. Ta yi shiru, ta mai da wayarta. Amma maganar ba ta bar zuciyarmu ba.

PZ da jirgin ruwa

Ko da yake Zariya tana nesa da teku, wurin nan da muke tsaye jirgin ruwa ne ya kawo sunansa. PZ sunan kamfani ne na Paterson da Zochonis, waɗanda suka fara ciniki a Saliyo a 1884, suka buɗe reshe a Nijeriya a 1899. Kayan kantinsu ta teku yakan zo Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da shi Arewa, har unguwar da ke kusa da tashar jirgin Zariya ta ɗauki sunan kantin.

Mutane ma ta wannan hanya suka riƙa tafiya. Dattawanmu da suka je karatu Ingila a zamanin dā sun hau jirgin ƙasa a nan zuwa Ikko, suka shiga jirgin ruwa a Apapa. Wanda ya fi suna shi ne Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya fara aiki a 1951. Yakan tsaya a Gana da Saliyo da Las Palmas, ya yi wajen mako 2 kafin ya kai Ingila. Da jirgin sama ya kwashe fasinjoji, aka daina wannan tafiya a 1974. Wani dattijo a ikilisiyarmu da ya yi tafiyar da iyalinsa ya taɓa ce mana, abin da ya fi tunawa ba abincin jirgin ba ne. Ya ce a cikin kwanakin nan ba inda mutum zai gudu, dole miji da mata da 'ya'ya su zauna su dubi juna su yi magana.

Abin da ya hana mu barci

Wannan magana ta dattijon ita ce ta taɓa mu, gama a lokacin gidanmu ya yi shiru irin wanda ba na lafiya ba. 'Ya'yanmu uku ne. Babban yana da shekara 17, 'yar'uwarsa 15, auta kuma 13. Babban ya gama sakandare, ya zauna jarrabawar shiga jami'a, amma makinsa bai isa karatun likita ba, abin da mu iyayensa muka daɗe muna buri. Tun daga ranar ya zama baƙo a gidan ubansa. Yakan ɗauki abincinsa ya shiga ɗaki. In an tambaye shi abu, amsarsa "E" ko "A'a". Mun yi faɗa, mun yi wa'azi, mun kira kawunsa ya yi masa magana, duk a banza.

Sai muka ce, in jirgin teku ya fi ƙarfinmu, ai Allah bai hana ƙasarmu ruwa ba. Muka tara yaran bayan addu'ar dare, muka ce musu za mu je Lakwaja, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, mu shiga jirgin ruwa. Amma da sharaɗi: su ne za su shirya tafiyar.

Yadda muka raba aiki

Muka sayi asusu, muka fara zuba kuɗi tun daga watan Maris, da nufin tafiya a ƙarshen Disamba. Mun zaɓi rani da gangan. A ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, kogunan nan sukan cika su tumbatsa. A 2012 da 2022 ambaliya ta ci gidaje a Lakwaja, har ta datse babbar hanyar Abuja.

'Yarmu ta zama ma'aji. Ita ke riƙe da littafin kuɗi, ko uban gida ba ya taɓa asusun sai da saninta. Auta ya ɗauki aikin binciko wuraren da za mu gani. Babban kuwa muka ba shi hanya: ina za mu hau mota, ƙarfe nawa jirgi yake tashi, ina za mu kwana. Bai ce komai ba. Amma bayan kwana kaɗan muka ga taswirar Nijeriya a kan gadonsa, ya ja layi da biro.

Shi ne ya zo mana da wani abin da ba mu taɓa lura da shi ba. Ya ce rafin Kubanni da ke ratsa Samaru yana zubawa cikin Galma, Galma ta zuba cikin kogin Kaduna, Kaduna kuma ta shiga Kwara kusa da Pategi, Kwara ta gangara Lakwaja. Wato ruwan saman da ya sauka a kan kwanon ɗakinmu ya riga mu zuwa can. Wannan ce doguwar magana ta fari da muka ji daga bakinsa cikin watanni.

A hanya

Muka tashi daga Zariya da sassafe a mota zuwa Kaduna. A Rigasa muka shiga jirgin ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 2016. Auta bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, bai kuwa bar taga ba har muka sauka a Idu. Muka kwana wajen 'yan'uwa. Kashegari muka bi ta Gwagwalada da Abaji da Koton Karfe, muka ƙetare Kwara ta gadar Murtala Muhammed. Da yaran suka hango faɗin ruwan, motar ta yi tsit. Wanda bai san ruwan da ya fi Galma ba, dole ya riƙe baki.

Ba a wasa da ruwa

A nan muna so kowane uba da uwa su karanta a hankali. Kwara ta ci rayuka da yawa. A watan Mayu 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi, mutane da yawa suka hallaka. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka mutu a yankin Pategi suna dawowa daga biki da dare. Dalilan sukan zama iri ɗaya: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, da rashin rigar ceto, wato rigar nan da ke sa mutum ya taso kan ruwa ko bai iya iyo ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda babban ofishinta yake a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar.

Da muka isa bakin kogi, wani mai jirgi ya yi mana farashi mai sauƙi, amma riga 2 kaɗai gare shi, mu kuwa 5 ne. Ya ce, "Ba komai, Baba, shekara nawa nake wannan aiki." Uban gida ya fara karkata saboda arha. Ma'ajinmu ce ta rufe littafinta, ta ce, "Baba, kuɗin ya isa mu ɗauki wancan mai riguna. Na riga na lissafa." Muka bi maganarta. Arha ba ta ado, in ji Hausawa, balle a kan ruwa.

Abin da ya faru a tsakiyar kogi

Kafin mu shiga, mai jirgin ya ce a tara wayoyi cikin leda a ɗaure, saboda ruwa. Hannun kowa ya zama ba komai. Injin ya tashi, muka bar gaɓa da hantsi. Muka wuce masunta suna jefa birgi daga kwalekwale, da mata suna wanki, da tsibiran rairayi da rani ya fito da su. A mahaɗar, mai jirgin ya kashe inji, ya nuna mana inda launin ruwan ya bambanta, kogunan biyu suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya.

Babban ɗanmu yana zaune kusa da ubansa, gama ba wani wurin zama. Uban ya tsoma hannu cikin ruwa, ya kira sunansa, ya ce, "Ga ruwan Kubanninka." Yaron bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban ruwa, sa'an nan ya ce a hankali, "Baba, tun ranar da sakamako ya fito, yau ne ka fara kiran sunana. Kullum sai dai 'kai'."

Uban ya buɗe baki zai musa, uwar ta taɓa gwiwarsa. Gaskiya yaron ya faɗa. Mu muna zaton shi ne ya rufe mana ƙofa, ashe mu ne muka fara juya masa baya, ba mu sani ba. A gida da ya faɗi wannan, da uban ya tashi ya fita, ko yaron ya shige ɗaki. A cikin jirgi ba ƙofa. Uban ya ce, "Ka gafarce ni." Yaron ya yi kuka, ƙannensa suka juya kai suna kallon masunta, mai jirgin kuma ya yi kamar yana gyaran igiya. Daga nan ya faɗa mana bai taɓa son aikin likita ba, tsoron ɓata mana rai ne ya hana shi magana.

Lakwaja kanta

Da la'asar auta ya zama jagoranmu. Ya kai mu kan dutsen Patti, inda ake hango mahaɗar kogunan sarai. Ya gaya mana a Lakwaja ne Lugga ya kafa mulkin Ingila a kan Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, kafin a mai da hedkwata Zungeru, daga baya Kaduna. Ya gaya mana labarin Dokta Baikie, wanda ya hauro Binuwai a 1854 cikin jirgin Pleiad, ya riƙa ba mutanensa kwini saboda zazzaɓi, ba wanda ya mutu, alhali a tafiyar 1841 Turawa da yawa zazzaɓi ya kashe su. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro, ya kuma zama Bishop daga baya, yana cikin tafiyoyin nan biyu. Muka ga makarantar Holy Trinity da aka kafa a 1865.

Muka kuma ji cewa a garin nan aka binne waɗansu sarakunan Arewa da Turawa suka tuɓe, har da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Yaran suka yi mamaki da jin sarkin garinsu ya ƙare kwanakinsa a nan, nesa da gida.

Shawara ga iyaye

In za ku yi irin wannan tafiya, ku fara tara kuɗi da wuri, kada ku ci bashi domin hutu. Ku tambayi labarin lafiyar hanya kafin ku tashi, ku yi tafiyarku da rana. Kada ku shiga jirgi sai kowa yana da rigar ceto a jikinsa, ba a ƙarƙashin benci ba. In kun ga lodi ya yi yawa, ku sauka, ko da kun riga kun biya.

Ku ba matasanku aikin gaske. Saurayi ko budurwa ba sa son a ja su kamar akuya zuwa kasuwa. In an ba su amana, sukan riƙe ta. Kada kuma ku mai da hutun makaranta. Mun yi alkawari tun daga gida ba za mu ta da maganar jarrabawa ba, wannan ne ya sa yaron ya ta da ita da kansa.

Waɗanda Allah ya hore musu har za su shiga babban jirgin teku, su ma su kula. Irin waɗannan jirage suna da ɗakunan wasa na matasa dabam, na manya dabam. Iyali suna iya yin mako guda a jirgi ɗaya ba su haɗu ba. Ku sa lokacin cin abinci tare kowace rana. Wanda kuma Lakwaja ta yi masa nisa, ga bakin Galma, ga dutsen Kufena. A ɗauki tabarma da ɗanwake, a bar waya a gida.

Ba za mu ce komai ya gyaru a yini ɗaya ba. Har yanzu mukan yi gardama da ɗanmu a kan abin da zai karanta. Amma yanzu a falo yake cin abincinsa, ubansa kuma da sunansa yake kiransa. Jiya muka wuce ta PZ, 'yarmu ta nuna mana sabon asusu a hannun wani mai talla. Muka saya.