Daga Kaduna zuwa Jos ta saman Kafanchan: yadda ake tsara hanyar jirgin sama a kwamfutar gida

Yaran unguwarmu da yawa sun saka manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a laftof ko a waya, wasu don nishaɗi, wasu kuma da burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Tashi ba ya ba kowa wahala: ka tura wuta, ka ja sitiyari, jirgi ya ɗaga. Bayan minti goma ne ake fara zare ido, don ƙasa duk ta koma iri ɗaya, mutum bai san inda ya dosa ba. To yau hanya za mu tsara, daga Kaduna zuwa Jos, mu ratsa ta saman Kafanchan, da ƙaramin jirgin nan Cessna 172 da kusan kowace manhaja take da shi.

Maganar manhaja a taƙaice. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya fi kyan gani, amma sauke shi kawai ya haura gigabait 100, kuma yana shan data kana cikin tafiya. Da irin wutarmu da tsadar data, ni dai ba zan ba ɗan makaranta shawarar ya fara da shi ba. FlightGear kyauta ne. Tsohon FSX na 2006 yana tafiya a laftof mai ƙaramin ƙarfi. Taswira kuwa, ka nemi Little Navmap, ita ma kyauta ce, kuma tana aiki da dukkansu.

Abu na farko, sunan filin jirgi. Haruffa uku da kake gani a tikiti, KAD ko ABV, na fasinja ne da kayansa. Matuƙi da haruffa huɗu yake aiki, kuma duk filayen Najeriya da DN suke farawa: Kaduna DNKA, Jos DNJO, Abuja DNAA, Kano DNKN, Zariya DNZA. Ka buɗe taswirar, ka sa DNKA wurin tashi, DNJO wurin sauka. Nan take za ta ja maka layi miƙaƙƙe, kusan mil 111 na matuƙa. Mil ɗinsu ba irin na mota ba ne, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne.

Mu da muka tashi a gidan fataucin shanu mun san ba a cewa "daga nan sai kudu" a kama hanya haka kawai. Zango-zango ake lissafi: inda za a sha ruwa, inda za a kwana, inda burtali ya karkata. Jirgi ma haka. Kowace tafiya ana yanka ta gida-gida, kowane yanki da saitinsa da nisansa da lokacinsa. Kafanchan ba ta cikin jerin zangunan da jiragen fasinja suke bi, saboda haka da hannunka za ka saka ta: ka nemo garin a taswira, ka danna maus ta dama, ka zaɓi a ƙara wurin cikin hanyarka. Yanzu tafiyar ta rabu biyu. Kaduna zuwa Kafanchan, saiti wajen digiri 140, nisa kusan mil 88. Kafanchan zuwa filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, saiti wajen digiri 84, nisa kusan mil 35. Digirin nan na kamfas ne: arewa 360, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Wato 140 kudu maso gabas ke nan, inda hanyar Kachia ta nufa. Cessna tana cin mil 110 a awa ba tare da an matsa mata ba, don haka duka tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna.

Lambar da ke rubuce a bakin titin jirgi ma saiti ce aka yanke mata sifiri. Titin Kaduna 05 da 23 ne, wato digiri 50 ta wannan baki, 230 ta wancan. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, shi ya sa a hunturu, da iska take busowa daga arewa maso gabas, 05 za ka ɗauka, in ka ɗaga ka karya dama zuwa 140.

Sai maganar bisa, wadda ita ce ta sa na zaɓi wannan hanyar. Layin da kwamfuta ta ja maka ba ruwansa da dutse. Filin Kaduna yana kan ƙafa 2,070 da 'yan kai sama da teku. Na Jos ya haura ƙafa 4,200. Ka ga ke nan wanda ya tashi daga Kaduna ya tsaya a ƙafa 4,000 yana jin ya yi sama sosai, to har yanzu yana ƙasa da titin da zai sauka a kai. Da ka bar Kafanchan ka juya gabas, duwatsun Kagoro ne a gabanka, bayansu kuma gangaren tsaunin Filato ya miƙe kamar katanga. Duk wanda ya hau mota daga Kafanchan zuwa Jos ya san yadda inji yake kuka a hawan nan. Duwatsun Shere da ke gabas da garin Jos sun kai ƙafa 6,000. Ka duba hoton tudu da kwari da Little Navmap take nunawa a ƙarƙashin taswira kafin ka yanke shawara. Akwai kuma ƙa'ida don kada jirage su yi gaba da gaba: mai nufar ɓangaren gabas, daga digiri 0 zuwa 179, yana ɗaukar dubun da ba ta rabuwa biyu, kamar 5, 7, 9, in da ido yake tafiya ya ƙara ƙafa 500. Yankunanmu biyu duk gabas suke kallo, don haka 7,500 ta yi daidai. A dawowa 6,500 ko 8,500.

Agogon bisa kuma da nauyin iska yake aiki, ba awon ƙasa yake yi ba. Kafin ka tashi ka murɗa ɗan maɓallinsa har ya nuna tsayin filin da kake tsaye. Kuskuren lamba goma a saitin nan ya kusa ƙafa 300. A sarari ba komai ba ne, a bakin dutse cikin hazo kuwa magana ce babba.

In ka gama, ka ajiye hanyar da irin fayil ɗin da manhajarka take karantawa: pln na Microsoft ne, fms na X-Plane, fgfp na FlightGear. Ka loda ta kafin ka kunna inji. A allon GPS za ka ga layi mai ruwan hoda, shi ne yankin da kake kai yanzu.

Nan ne ake yawan rigima da jirgi, a ce ya ƙi bin hanya. Maɓalli biyu ne suke jawo ta. Na farko, a na'urar da ke riƙe maka tuƙi akwai HDG akwai NAV. HDG saitin da ka murɗa da hannunka yake bi, ko da ya kai ka Birnin Gwari. NAV shi ne mai bin hanya. Na biyu, shi NAV ɗin sai ka gaya masa wa zai saurara, GPS ko rediyo. A allon G1000 maɓallin CDI ne yake sauya wannan: kibiya ruwan hoda GPS ce, koriya rediyo ce. A tsohuwar Cessna ta FSX ɗan makunni ne da aka rubuta NAV da GPS a jikinsa. In kibiyarka koriya ce alhali ba ka kama wata tasha ba, jirgin ba shi da wanda zai bi.

Rediyon nan kuwa kada ka raina shi. Kafin GPS, da tasoshin ƙasa ake tafiya, ana ce musu VOR, kuma har gobe ana koyar da su. Tashar tana watsa sigina ta kowace fuska a zango tsakanin 108 da 117.95, kusa da saman inda rediyon FM ɗinka yake ƙarewa. Ka karanta lambar tashar Jos a taswira, ka saka a NAV1, ka saurari ƙarar haruffanta don ka tabbatar ita ce, ka murɗa OBS har allura ta tsaya tsakiya alama ta nuna TO. Lambar da ta tsaya a sama ita ce saitin da zai kai ka tashar. Siginar ba ta ratsa dutse, don haka in kana ƙasa-ƙasa ta wajen Kagoro kana iya jin shiru. Abu ɗaya da za ka kiyaye: bayanan hanyoyin sama duk kwana 28 ake sabunta su a duniya, FSX kuwa da na zamanin da aka yi shi yake aiki. In taswira da jirgi sun saɓa a kan lamba, ka sa Little Navmap ta karanta bayanan da ke cikin manhajarka, ka bi nata.

Ni a ganina, tafiyar farko ka yi ta da layin hoda, ta biyu ka rufe allon GPS ka koma kamfas da agogo da taga. Daga nan ne ake fara koyo. Ka kunna iskar hunturu mai gudun mil 15 a awa daga arewa maso gabas. A saitin 140 ta hagunka take bugowa, tana tura ka dama a hankali ba ka ji. In ba ka gyara ba, cikin minti 48 da za ka yi kafin Kafanchan ta kauce da kai kusan mil 12, sama da kilomita 20. Lissafin gyaran ba wuya: gudun iskar sau 60, a raba da gudun jirgi. 15 sau 60 a raba da 110 ya ba da kusan 8. Sai ka karkata hancin jirgi digiri 8 wajen iskar, ka riƙe 132 maimakon 140. Hancin yana kallon wani wuri, jirgin yana tafiya inda kake so.

Ta taga za ka tabbatar. Wajen minti goma da tashi ka tsallake kogin Kaduna, Sabon Tasha da matatar mai suna ta damanka. A mil 60 da ɗoriya Kachia za ta bayyana, ita ma ɗan dama kaɗan. Ka rubuta a takarda minti nawa kake sa ran isa kowanne, ka gwada da agogo. In manhajarka tana zana layin dogo, inda layuka suka haɗu nan ne Kafanchan.

Sauka a Jos da sauƙi daga wannan ɓangaren, don titinsu 10 da 28 ne, kai kuma a 84 kake zuwa, kusan a miƙe kake da bakin 10. Ana ba kowace ƙafa dubu ta gangarowa mil uku. Daga 7,500 zuwa 4,200 ƙafa 3,300 ne, wato mil goma kafin fili za ka rage wuta. Kada ka fara tun daga Kafanchan don ka ga an kusa, duwatsun suna tsakani.

Mai kuma ka lissafa shi da inda za ka koma in hazo ya rufe Jos. Abuja tana kusan mil 100 daga can, awa guda ke nan. Ka haɗa da tafiyar kanta da ajiyar minti 45, ka samu kusan awa uku. Cessna tana shan galan takwas zuwa tara a awa, galan 27 ke nan, tankinta kuma ya haura galan 50.

Masu burin Zariya, awannin da kuka yi a ɗaki ba sa shiga lissafin lasisi, hukumar NCAA awannin makarantar da ta amince da ita take ƙirgawa, kuma taswirar nan ta wasa ba a hawa jirgin gaske da ita. Abin da za ku tafi da shi shi ne karatun kamfas, lissafin iska da na mai, da sabon duba dutse kafin a zaɓi bisa. In hanyar Jos ta zauna muku, ku gwada DNKA zuwa DNKN ta saman Zariya da rediyo kaɗai, ku rage nisan gani zuwa kilomita uku kamar tsakiyar Janairu.