Kiwon Lafiya: Aikin Rage Nono Ga Mata Da Maza

A ƙauyukan Ƙonni, da Malbaza, da Illela, mace tana tashi tun da asuba. Ta yi daka, ta je rijiya, ta ɗauko itace, ga goyo a baya. In rani ya yi kuma ta sunkuya cikin garkar albasa har rana ta take. Wannan aiki kaɗai ya isa ya gajiyar da mai ƙarfi. To, akwai waɗansu mata masu yin sa da wani nauyi na dabam a ƙirji, wato nonon da ya girma ya wuce kima. Akwai kuma maza da samari waɗanda ƙirjinsu ya fito kamar na mace, har ba su yarda su tuɓe riga a gona ko a filin kokawa. Dukansu kunya takan hana su faɗi, sai su yi shekaru suna fama, alhali likitocin fiɗa sun san wannan lalura, sun kuma san yadda ake gyara ta.

NONON DA YA ZAMA LALURA

Allah bai halicci mata da nono daidai wa daida ba, kuma girma kawai ba cuta ba ne. Abin da likita yake dubawa shi ne wahalar da girman yake jawowa. Mai wannan lalura kullum tana kukan ciwon wuya, da kafaɗa, da gadon baya. Tafiyarta a duƙe take. Da bazara gumi yana taruwa ƙarƙashin nonon, fata ta saɓe, ƙuraje su fito, wani lokaci har ya zama gyambo. In ta kwanta rigingine numfashi ya yi mata wuya. Likitoci da yawa suna cewa abin ya kai matuƙa idan naman da ya kamata a cire daga kowane ɓangare ya wuce kilo ɗaya da rabi.

Lalurar takan zo a lokaci biyu musamman. Na farko lokacin balaga: yarinya ta fara ƙirgar dangi kamar tsararrakinta, amma nata ya ƙi tsayawa, cikin ƴan watanni ya rinjaye ta. Ba'ar ƴan uwa kan sa irin wannan yarinya ta daina fita, har ta bar lakwal. Na biyu lokacin ciki: nonon ya kumbura da sauri, fata ta tsage, jini ya riƙa zuba. Wannan bai cika faruwa ba, amma in ya faru yana iya taɓa ran uwa da na ɗan da ke ciki, kuma yakan komo a cikin da ke biye. Mafarin abin yana cikin sinadaran da jiki ke sarrafawa, da yadda naman nonon yake karɓar su. Gado da ƙiba su ma suna da hannu. Ba sammu ba ne, ba kuma shaidar cewa yarinya ta san maza ba ce, kamar yadda masu tsegumi ke faɗi.

NA MAZA

Kowane namiji yana da ɗan naman nono ƙarƙashin kan nononsa. A jikinsa akwai sinadarin maza da yawa, da na mata kaɗan. In ma'aunin ya karkata, sai naman ya motsa. Wajen rabin yara maza sukan ga wannan kumburi suna da shekara 13 ko 14, kuma galibi yakan baje da kansa kafin shekara biyu. Irin wannan haƙuri ne maganinsa, da kwantar wa yaro hankali.

Jariri ma, mace ko namiji, akan haife shi da ɗan kumburin nono saboda sinadaran uwarsa, har ruwa fari ya ɗigo. Al'adar da waɗansu tsofaffi ke yi ta matse shi lokacin wankan jego kuskure ne babba. Matsar ita ce ke shigar da ƙwayoyin cuta, wurin ya yi ruwa, a ɗiya mace kuwa yana iya lalata nonon tun bai fito ba. In an bar shi, zai sauka da kansa.

Amma idan magidanci ne ya ga ƙirjinsa yana tasowa, to, ya kamata a nemi dalili. Ciwon hanta da ya daɗe yana kawo haka, da ciwon ƙoda, da kuturta in ta taɓa maraina, da ƙari a maraina, da yawan shan barasa. Waɗansu magunguna ma suna kawo shi, kamar Spironolactone da ake ba masu kumburi da ciwon zuciya, da Cimetidine na gyambon ciki. Mai shan su kada ya bari da kansa, ya koma wurin wanda ya rubuta masa. Wani lokaci da an gyara dalilin, sai nonon ya koma. In ya daɗe ya taurara, sai fiɗa.

YADDA AKE AIKIN

Wannan aiki ba baƙo ba ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan Musulmi na Andalus wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya bayyana cikin littafinsa At-Tasrif yadda ake tsaga ƙirjin namiji tsaga mai siffar jinjirin wata, a cire kitse, a ɗinke. Abin da zamani ya ƙara shi ne allurar barci, da tsabtar kayan aiki, da ƙarin jini.

Ga mace, aikin yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Kafin a shiga, likita yana zana layi a fata tana tsaye. Sai a cire naman da ya yi yawa tare da kitse da fata, a ɗaga kan nonon zuwa inda ya dace, a bar shi manne da jijiyoyinsa don kada ya mutu. Naman da aka cire akan auna shi, a kuma aika a bincika ko akwai cuta a ɓoye. Na namiji ya fi sauƙi: ƴar tsaga ce a gefen baƙin da ke kewaye da kan nono.

Wajibi ne a faɗa wa mai ciwo gaskiya tun kafin ta sa hannu. Tabo zai zauna har abada, kuma baƙar fata takan yi tabo mai tudu. Kan nono yana iya rage ji. Ciwon yana iya yin ruwa. Babbar magana kuwa ita ce shayarwa. A ƙasar da ake shayar da yaro kusan shekara biyu, madarar kanti kuma ta fi ƙarfin aljihun talaka, nonon uwa shi ne ran jariri. Mata da yawa suna shayarwa bayan aikin, amma ruwan yana iya raguwa. In girman ya kai inda dole a yanke kan nonon a dasa shi, to, ba sauran shayarwa. Don haka likita yakan shawarci wadda abin bai tsananta mata ba ta dakata, budurwa har nonon ya tsaya da girma, mai goyo har ta yaye da ƴan watanni.

Bayan aiki, mako huɗu zuwa shida ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar kaya. Nan ne maigida da dangi ke da nasu rabo, gama in babu mai karɓar mata taɓarya, ɗinkin zai buɗe.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Waɗansu suna tsoron kada aikin ya zama sāke halittar Allah. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba maganar fiɗar gyaran jiki a taronta na ƙasar Maleshiya cikin 2007. Ta rarrabe tsakanin aikin da ake yi don son zuciya da wanda ake yi don kawar da cuta, ta kuma halatta gyaran nono idan girmansa ya kai ga jawo rashin lafiya.

INA AKA DOSA

Hanya tana farawa daga gidan likita mafi kusa, daga nan a tura mutum asibitin gunduma. A gundumar Malbaza akwai asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ya kuma yi suna wajen fiɗa. Akwai babban asibitin jiha a Tawa. Aiki mai wuya akan tura shi Yamai, tafiyar kilomita fiye da 400 daga Ƙonni, inda akwai babban asibitin ƙasa da gidan haihuwa na Isaka Gazobi. Mutanen bakin iyaka kuma sun san asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ba kowane mai fiɗa ne ya ƙware a wannan aiki ba, saboda haka takardar turawa daga likita ta fi jin ta bakin ƴan tasha. A kuma tambayi kuɗin aiki tun da wuri, iyali su shirya.

Abin da ba shi da amfani kuwa a fili yake. Man shafawa da garin magani da ake talla a kasuwa ba su narkar da naman nono. Ɗaure ƙirjin yarinya da zane tamau bai hana shi girma. Tsaga da sakiya na wanzami sai dai su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

KADA A RIKITA SHI DA CIWON DAJI

Girman da ake magana a kansa galibi ɓangare biyu yake kamawa, naman kuma da laushi. Amma idan aka ji ƙullutu mai tauri a gefe guda, ko kan nono ya shige ciki, ko jini yana fita, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa ta fito a hammata, wannan wata magana ce, ko da babu zafi. Maza ma suna kamuwa da ciwon dajin nono: a lissafin duniya, wajen mutum ɗaya cikin ɗari na masu shi namiji ne. A 2007 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a kula da ciwon dajin mata kyauta, a 2021 kuma aka buɗe sashen gashin daji da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai. Amma wannan duka wanda ya zo da wuri shi ya fi amfana.

Saboda haka, waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su karanta wa na gida wannan bayani. Hakimai, da limamai, da ungozomai, da ma'aikatan lafiya su ma su isar da shi. Uwa ta duba ɗiyarta, uba ya saurari ɗansa, miji ya ba matarsa izini da guzuri ta je awo. Mai ɓoye ciwonsa, ciwo ba ya ɓoye shi.