Babi na Tara: Lissafin Kwanakin Al'ada da Tsarin Aikin Mace

Duk yarinyar da ta zauna gaban malama a Islamiyya, a Gyaɗi-Gyaɗi ne ko Darmanawa ko Unguwa Uku a nan Kano, ta koyi lissafin kwanakin al'ada tun kafin ta san amfaninsa. A littafin Ahalari an kasa mata kashi uku: sabuwar farawa, da wadda ta saba, da mai ciki. Wadda ta saba, idan jini ya zarce kwanakinta, za ta ƙara uku matuƙar ba ta haura goma sha biyar ba. Wannan hukunci ba ya aiki sai mace ta san kwanakinta. Shi ya sa matanmu suka daɗe suna ƙirga ranar da fashin salla ya fara, da ranar wanka, da azumin da za a rama. Abin da nake so shi ne wannan ƙirga da muka riga muka iya ta yi wa sana'armu aiki ita ma.

Akwai wani yayi da ya shigo ta waya. Wata Ba'amurkiya, Alisa Vitti, ta fitar da littafi a 2013, daga nan tunanin ya bazu har ya iso TikTok da zaurukan WhatsApp na mata. An raba wata kashi huɗu, aka ba kowane kashi aikinsa: makon jini na hutu da tunani, makon da ke biye na ƙirƙira da fara sabon abu, kwanakin sakin ƙwai na ganawa da mutane da ciniki, makon ƙarshe na tattara abin da aka fara. Ana zana shi da launuka masu kyau. Matsalarsa ita ce bincike bai tabbatar da shi ba. A 2020 wasu masana a Birtaniya sun tattara bincike 78 da aka yi a kan ƙarfin jikin mata wajen motsa jiki a matakan al'ada, suka ga bambancin ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, suka ce a duba kowace mace ita kaɗai. Haka abin yake a ɓangaren ƙwaƙwalwa: ba a samu hujja mai ƙarfi cewa basirar mace tana hawa da sauka da kwanakin wata ba. Nas ɗin da ke aikin dare a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba ta mance ma'aunin allura don tana rana ta biyu. Ina jin haushin wannan yayi ne saboda yana ba masu raina aikin mace hujja a hannu, alhali an ce don taimakonta aka kawo shi.

Abin da ke faruwa a jiki ba mai tsawo ba ne. Ranar farkon jini ita ce rana ta ɗaya. Daga nan sinadarin istirojin yana hawa, ƙwai yana nuna, shimfiɗar cikin mahaifa tana kauri. Ƙwai ya fita, furojestaron ya karɓi aiki. Idan ciki bai shiga ba sinadaran biyu su faɗi, shimfiɗar ta zube, a koma farko.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne yadda aka gano lokacin fitar ƙwai. Shekaru da yawa likitoci suna ƙirgawa daga ranar da jini ya zo zuwa gaba, lissafi yana ƙin fita, domin wata ƙwanta ya fita rana ta goma sha ɗaya, wata sai ta ashirin. Wani likitan mata a garin Nigata na ƙasar Japan, Kyusaku Ogino, yana yi wa mata tiyata a ciki, sai ya riƙa duba halin da ma'ajiyar ƙwansu take a lokacin, yana gwama shi da kwanakin al'adar da suka gaya masa. Da ya tara bayanai ya juya lissafin: maimakon ya tambayi kwana nawa ke nan da jinin da ya wuce, sai ya tambayi kwana nawa ya rage jini na gaba ya zo. Nan take abin ya daidaita. Ya wallafa a 1924 cewa ƙwai yana fita ne kwana 12 zuwa 16 kafin al'ada ta gaba, ko zagayen mace gajere ne ko dogo. Wani likita a Ostiriya, Hermann Knaus, ya kai ga kusan wannan sakamako a 1929 ta wata hanyar daban. Ogino ya yi aikinsa ne don taimakon matan da ke neman haihuwa. Amma ga mai tsara aiki darasin a fili yake: rabin zagaye na ƙarshe shi ne mai tsayayyen tsawo, na farkon shi ke miƙewa yana tsukewa idan an yi zazzaɓi, ko tafiya, ko rasuwa, ko jarrabawa. Kumburin ciki, da ciwon nono, da saurin fushi, da kwaɗayin zaƙi, duk a wannan rabi na ƙarshe suke zuwa, don haka da baya-baya ake ƙirga su.

Sai maganar kwana 28, wadda ta zauna a kan mutane daram kamar saukakkiya. A 2019 masana a Jami'ar UCL ta Landan tare da kamfanin manhajar Natural Cycles sun duba zagaye sama da 600,000. Matsakaicin tsawo ya kama kwana 29.3, kuma kashi 13 cikin 100 ne kacal suka cika 28 cif. Daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne ga babbar mace. To ina dalilin da za a miƙa wa kowa jadawali guda? Ga kuma wani abu da ke tayar wa mata hankali a banza. Mace ta zo a firgice tana cewa ya zo mata sau biyu a wata ɗaya, a fara maganar sammu ko sanyi, a sayi jiƙe-jiƙe. A zauna a yi lissafi mana. Wadda zagayenta kwana 26 ne za ta ga al'ada sau 14 a shekara, watanni kuwa 12 ne. Dole wasu watannin su ɗauki biyu. Ya zo ran 2 ga wata, ya dawo ran 28, ba abin da ya lalace. Masu bin watan Musulunci sun ɗan fi dacewa, tunda shi 29 ne ko 30, amma ko su idan zagayen ya gaza haka sai su ga kwanan yana ja baya wata bayan wata.

Ba ina cewa al'ada ba ta taɓa aiki ba. Tana taɓawa sosai, ta hanyar ciwo da zubar jini da rashin barci. A Holan an tambayi mata 32,748, aka wallafa sakamakon a 2019. Kimanin kashi 14 cikin 100 ne suka ce suna fashin aiki ko makaranta saboda al'ada, amma sama da kashi 80 suka ce suna zuwa ne a daddafe, aikin ba ya tafiya yadda ya kamata. Da aka auna, asarar wannan daddafewa ta kusan kwana tara a shekara ga kowace mace, ta fashin kuwa kwana ɗaya da 'yan kai. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban kaskon awara da ciwon mara ta san wannan ba sai an kawo mata alƙaluman Turai ba.

Maganin shi ne littafi. Ƙaramin littafi na makaranta ya isa, ko kalandar da ke rataye a ɗaki, ko manhaja ga mai so, amma ni na fi yarda da takarda domin ba ta neman caji kuma ba ta yi wa kowa hasashe. A rubuta ranar farawa da ranar ɗaukewa. Kowace rana a sa alama ɗaya ta yawan jini, ɗaya ta ciwo, ɗaya ta barci, ɗaya ta yanayin zuciya. Bayan wata uku ko huɗu sai a duba zagaye mafi gajarta da mafi tsawo. Idan sun fito 27 da 30 da 29, to ana sa ran baƙon tsakanin kwana 27 zuwa 30 daga farawar da ta wuce. A duba kuma waɗanne ranaku ne suka fi nauyi. Wata za ta ga rana ta farko da ta biyu ne kawai. Wata za ta ga jinin ba ya damunta, kwana huɗun da ke gabansa ne take rasa barci da haƙuri. Wata za ta ga ciwon kai mai ɓari ɗaya yana zuwa daidai da farawa. Wata kuma, kuma suna da yawa, za ta ga babu abin da ke canzawa, sai ta ci gaba da harkarta.

Mu ɗauki tela mai keke biyu a lungun Gyaɗi-Gyaɗi, gab da Ƙaramar Salla ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Ba za ta iya ɗaga Salla ba, ba za ta iya ɗaga ɗaurin aure ba. Abin da ke hannunta shi ne ranar da za ta ce wa mai kaya ta dawo. Idan littafinta ya nuna mata kwana biyun da suka fi mata nauyi za su faɗo tsakiyar mako mai zuwa, sai ta yi yanka da ɗinkin manyan kaya tun yanzu, ta bar sa maɓalli da jera duwatsu da lissafin kuɗi ga ranakun, aikin da ake yi a zaune da ruwan zafi a mara. Shiga Kantin Kwari sayen yadi, da cunkoso da jijjigar adaidaita sahu da wahalar samun banɗaki mai tsafta, a yi shi kafin lokacin. Mai dambun nama ta yi dakanta da wuri. Mai kitso ta rage kai biyu a ranar. Malamar makaranta ta sa gwaji a rubuce a ranar da tsayuwa gaban allo zai yi mata wuya. Babban wanki ba wahayi ba ne, yana iya jira kwana biyu. A lura kuma da cewa bayan fitar ƙwai zafin jiki yana ƙaruwa da kusan rabin digiri. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 ga wuta babu, wannan ɗan ƙarin yana iya hana barci, don haka kada a ɗora aikin dare a kan waɗannan kwanaki idan da hali.

Babban amfanin sanin rana shi ne magani. Ciwon mara yana zuwa ne daga wani sinadari, furostagilandin, da ke sa mahaifa murɗawa. Magunguna irin su ibuprofen suna hana jiki ƙera shi, shi ya sa suka fi aiki idan an sha da alamar farko, kafin ciwon ya kankama. A sha bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko wadda ke zaton tana da ciki ta nemi shawarar likita tukuna. Gashi da ruwan ɗumi yana taimakawa da gaske, tafiya a ƙafa ma haka. Jiƙon kanwa kuwa ba a tabbatar yana maganin komai a nan ba, gishiri ne kawai ake ɗura wa jiki. Wanka ba ya tsayar da jini, ruwan sanyi ba ya daskarar da shi a mara. Girki ma babu abin da ya hana: ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha tana taje wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kai alhali tana haila. Wadda ta ajiye girki ta ajiye don tana jin jiki, a taya ta, ba don hannunta yana da wani abu ba.

'Yan makarantar kwana suna rantsuwa cewa idan mata suka zauna ɗaki ɗaya al'adarsu tana haɗuwa. Asalin zancen wani bincike ne da Martha McClintock ta wallafa a 1971 a kan ɗalibai 135 a wata kwaleji a Amurka. Da yawa daga cikin waɗanda suka sake gwadawa daga baya ba su samu haka ba. Zagaye biyu masu tsawo daban dole wata rana su haɗu, sannan su rabu. Kada ki tsara aikinki da kwanan ƙawarki.

Abu biyu ne ba na iya yin shiru a kansu. Na farko, cewa da ake yi wa yarinya ta yi haƙuri, in ta yi aure zai daina. Ga wasu ciwon yana raguwa da shekaru ko bayan haihuwa, gaskiya ne. Amma ciwon da ke kwantar da mace duk wata, har da amai ko suma, yana iya zama endometiriyosis, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, kuma aure ba ya warkar da ita. Na biyu, kwana goma sha biyar ɗin da muka karanta a fiƙihu iyaka ce ta hukuncin ibada, malamai ba su ce shaidar lafiya ba ce. Jinin da ya wuce kwana bakwai, ko wanda ke jiƙe audugar mata ko ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, ko mai manyan gudaje, na asibiti ne. Sau da yawa ƙari ne a mahaifa, wanda ya yawaita a matan Afirka. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mace mai haki idan ta hau bene, mai jiri idan ta miƙe daga wanki, babu jadawalin da zai ƙara mata kuzari. Gwajin jini take buƙata, da maganin ƙarin jini, da hanta da wake da zogale.

Wasu ƙasashe sun sa abin a doka. Japan ta ba da hutun al'ada tun 1947, Zambiya ta ba ma'aikaciya kwana ɗaya duk wata, Sifaniya ta bi sahu a 2023. Mata da yawa a nan Kano kansu suke yi wa aiki, hutunsu yana hannunsu da hannun mutanen gida. Maigida da uwar ɗaki da shugabar makaranta su ne dokar a nan, kuma musanya rana ɗaya ba ta rushe aiki.

'Yar'uwa, ki fara rubutawa daga al'ada mai zuwa. Idan littafin ya nuna jini mai yawa ko ciwon da ya fi ƙarfin magani, ki ɗauke shi ki tafi da shi asibitin unguwarku. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki sashen mata na Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Tambayar farko da likita zai yi miki ita ce yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe, ta biyu kuma kwana nawa take yi.