Daga Samanja zuwa Gidan Badamasi: Su wane ne ke ƙirƙiro dariyar da ake kallo a Minjibir?

Da zarar an idar da sallar Isha'i a Minjibir, musamman bayan an kawar da amfanin gona, rumfar mai cajin waya ce ke cika. Wani ya zo karɓar wayarsa, wani ya zo a tura masa fim a memori. Samari huɗu ko biyar sai su haɗa kai a kan waya ɗaya, yau Gidan Badamasi, gobe tsohon fim ɗin Ibro, wani lokaci kuma Mr. Bean, Baturen nan da ba ya buƙatar fassara domin da ƙyar yake buɗe baki. Haka abin yake a Kunya da Wasai da sauran garuruwan ƙaramar hukumar.

Kowa a wurin ya san fuskokin da ke ba shi dariya. Amma idan aka tambayi wanda ya zauna ya tsara labarin, sai a yi shiru.

A Birtaniya ba a wasa da wannan tambaya. Mr. Bean, wanda ya fara fitowa a tashar ITV a 1990, Rowan Atkinson da marubuci Richard Curtis ne suka ƙirƙiro shi, kuma kashi 15 kacal suka yi. Some Mothers Do 'Ave 'Em, shirin Frank Spencer mai ɓarna da 'yan Najeriya suka sha kallo a talabijin, Raymond Allen ne ya rubuta wa BBC daga 1973. Mind Your Language kuwa, na ajin baƙi masu koyon Turanci, aikin Vince Powell ne a 1977. Sunayensu na rubuce a jikin kowane kashi, kuma a tsarin can, marubuci na da kaso idan aka maimaita shirinsa ko aka sayar wa wata ƙasa.

Ƙasar Hausa ma ta yi irin waɗannan mutane, kuma tun da wuri. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, a zamanin Sardauna. A nan Alhaji Yusuf Ladan ya tsara wasan Zaman Duniya Iyawa Ne, wanda daga baya aka buga shi littafi, shi ya sa ma sunan marubucinsa bai ɓata ba.

Wanda ya fi kowa shiga zukata shi ne Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama. Banufe ne daga Pategi, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, sannan ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Rayuwar bariki da ya gani da idonsa ita ya mayar wasa. Sunan Samanja kansa daga muƙamin sajan-manjo ya samo asali, kuma duk wanda ya kalli shirin ba zai manta da gashin bakin nan ba, da tsawa a kan kurata, da Hausar bariki wadda ake cuɗawa da gurɓataccen Turanci har ta zama wani yare na daban. Ba ƙaramin abu ba ne a ce a zamanin mulkin soja, a gidan talabijin na gwamnati, ana yi wa soja dariya kowane mako. Hikimarsa ita ce bai taɓa mayar da sojan abin ƙyama ba. Samanja mai faɗa ne, mai cika baki, amma da ya koma gida matsalolinsa irin na kowane magidanci ne. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023.

Kasimu Yero, ɗan Zariya, ya yi fice a Karambana da kuma Magana Jari Ce, wasan da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Masu kallo a kudu sun san shi a Cock Crow at Dawn, shirin da Peter Igho ya jagoranta a NTA Jos daga 1980 domin jan hankalin jama'a zuwa noma. Ya rasu a 2017. A Jos ɗin ne kuma Abdullahi Shu'aibu ya yi suna da Karkuzu na Bodara. Kano ta samu nata gidan a farkon shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV, wanda yanzu ake kira ARTV, ya zo ya tarar da NTA Kano, aka shiga gasar wasanni. Dattawa har yau suna tuna Kuliya Manta Sabo.

A ƙauyuka irin na Minjibir, kallon waɗannan wasanni sai an yi tattaki. Akwatin talabijin a gidaje ƙalilan yake, wani da batirin mota ake kunna shi, a fito da shi ƙofar gida yara su zauna a ƙasa, manya a kan tabarma. Rediyo ce ta kowa. Saboda haka da yawa sun san muryar Samanja shekaru kafin su ga gashin bakinsa.

Akwai dalilin da ya sa sunayen masu tsarawa suka dushe. Yawancin wasannin ba a rubuta su kalma bayan kalma ba. Mai shiryawa zai kawo ƙashin labari, a zauna a tattauna wanda zai yi me, sauran kuma kowane ɗan wasa ya cika da bakinsa a gaban kyamara. Wannan ne ya ba su armashi, domin magana ce irin ta kasuwa da majalisa, ba ta takarda ba. Amma illarsa babba ce: idan kaset ya lalace, babu rubutun da za a koma wa. Ga shi kaset na da tsada a lokacin, gidajen talabijin a ko'ina sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kai. Abin da ke yawo a YouTube na Samanja ko Karkuzu a yau ɗan kaɗan ne, galibi hoton ya dusashe, sauti na shaƙewa.

BBC ma ta yi wannan ɓarna, har zuwa ƙarshen shekarun 1970 tana goge shirye-shiryenta. Bambancin shi ne daga baya ta shiga neman abin da ta zubar. A watan Oktoban 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi tara na shirin Doctor Who da aka ɗauka sun ɓata, kuma a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos ya same su. An mayar da su Ingila, aka gyara, aka sa a kasuwa. Wato garin Karkuzu ya adana wa Turawa kayansu shekaru da dama, alhali nasa wasannin ba su samu mai bin sawunsu haka ba.

Zuwan bidiyo ya sauya lissafi. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma daga nan ɗan wasa ya daina jiran gidan talabijin. Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan da ke Warawa, tsohon ma'aikacin gidan yari, shi ya mamaye barkwancin wannan zamani har rasuwarsa a Disambar 2014. Mutanen karkara sun ɗauke shi nasu, domin baƙauyen da yake fitowa a matsayinsa ba wawa ba ne, sau da yawa shi ke yi wa ɗan birni wayo.

A shekarar da Ibro ya rasu ne tashar Arewa24 ta fara aiki, ta kuma dawo da wasa mai dogon zango. Daɗin Kowa ya ci kyautar AMVCA a 2016. Kwana Casa'in ya taɓo siyasa ta hanyar ƙirƙirarriyar jihar Alfawa. Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi, labarin attajirin tsoho da 'ya'yansa masu hangen dukiyarsa, ya nuna cewa barkwanci ma yana son a zauna a rubuta shi. A irin waɗannan shirye-shirye sunan marubuci na fitowa a allo, kuma masu bibiya sun fara sanin irin su Nazir Adam Salih.

Sai dai a rumfar caji, wannan ci gaban bai cika isowa ba. Kuɗin da saurayi ya biya aka tura masa kashi goma a memori yana tsayawa ne a aljihun mai turawa, ba ya kai wa ga wanda ya rubuta ko ya shirya. Wani lokaci ma, don fayil ya yi sauƙi, an riga an yanke farko da ƙarshen shirin, inda sunayen suke.