Gishirin Foga da abin da ke cikin ƙwayar zarra

A kwarin Foga da ke jihar Dosso, mata sun gaji sana'ar gishiri tun kaka da kakanni. Da rani sukan kankaro ƙasar da ta yi fari-fari, su kwarara mata ruwa ya tsatso ta cikin kwando, su dafa shi har ya ƙafe. Abin da ya rage a tukunya shi ne gishirin da ake gani a kasuwannin Gaya da Karakara. Wannan aiki kimiyya ce tsantsa, kuma tushenta yana cikin ƙwayar zarra.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai ɗauke da firoton, masu cajin ƙari (+). Ilektiron, waɗanda J. J. Thomson ya gano a Ingila a 1897, suna da cajin ragi (−), suna kewaye da cibiyar hawa-hawa. Yawan firoton ne ke raɗa wa sinadari suna: mai 11 sodiyam ne, mai 17 kulorin. Idan firoton da ilektiron suka yi kunnen doki, ƙwayar ba ta nuna caji.

Hali kuwa yana hawan waje. Sodiyam ilektiron ɗaya tak gare shi a can, kulorin kuma ɗaya ya rage masa hawansa ya cika. Shi ya sa kowanne shi kaɗai masifa ne: sodiyam ƙarfe ne mai iya kama wuta cikin ruwa, kulorin iska ce mai guba. Da sun haɗu, sai sodiyam ya miƙa ɗayan nan. Ya saura da ilektiron 10 ga firoton 11, ya zama mai cajin ƙari; kulorin ya tashi da 18 ga 17, ya zama mai ragi. Ƙari da ragi suka ja juna, gishiri ya samu.

A aikin matan Foga, ruwa yana raba sodiyam da kulorin ya kwashe su daga ƙasa, yashi ya tsaya a kwando. Wuta ta kori ruwan, su sake jeruwa. Sodiyam ɗin nan dai shi ne a kanwa, sai dai abokin haɗinsa kabonet ne, shi ya sa kanwa ke nunar da wake.

Ya kamata malaman kimiyya na yankin su fara darasin zarra daga bakin murhun masu gishiri. Ɗalibin da ya fahimci dalilin narkewar gishiri zai fi saurin gane batir, takin zamani, da yadda ruwan gishiri da sukari ke ceton yaro mai gudawa.