Lambar Girma Daban, Lambar Jarumta Daban

Tun da aka yi jana'izar sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a watan Maris na 2024, ake ta yaɗa cewa Shugaba Tinubu ya ba su lambar jarumta. Akwai gyara a zancen. Hafsoshi huɗun da ke cikinsu MON aka ba su, lambar girma ta ƙasa da dokar 1964 ta kafa, irin wadda ake rataya wa attajiri ko ɗan ƙwallo. Sun cancanci girmamawar, babu ja. Sai dai ita lambar jarumta takarda ce ke bayanta: ga wurin, ga ranar, ga abin da wane ya yi sa'ad da wuta ke tashi, ga shaidar kwamandansa.

Wannan takardar ce muka yi sakaci da ita, har muka manta da mutanenmu. Mutum nawa ne a Kaduna ke wucewa ta gaban barikin Dalet a Kawo, cikin Keke Napep, ya san cewa Dalet wuri ne a ƙasar Bama? Haka Kalapanzin. Haka barikin Chindit na Zariya, da ya ci sunan dakarun da aka jefa bayan Japanawa cikin kurmi a Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma ne suka yi yaƙin Kaladan da Arakan, suka karɓe Myohaung a watan Janairun 1945. Yawancin 'yan Najeriyar cikinsu 'yan Arewa ne, har ta kai hafsoshin Turawa sai sun koyi Hausa. Sunayen dazuzzukan sun hau allunan barikoki, sunayen waɗanda suka kwanta dama a can kuwa sai dai a tambayi jikokinsu.

Dubi Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja a hannun Jamus a Kamaru, suka ba shi lambar Iron Cross a yaƙinsu da Ingilishi. Aka kama shi, daga baya ya shiga rundunar Najeriya ta Ingila, ya kai Sajan Manjo, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya samu lambobinsu su ma, ya ajiye kaki a 1953. Dauloli biyu masu gaba da juna duk sun sara masa! Barikin Lokoja na ɗauke da sunansa, amma a tambayi ɗan sakandare a Maiduguri ko wane ne shi, a ji amsa.

Ingila dai ta amsa laifinta. A 2021 hukumar kula da kaburburan sojojin Kwamanwel ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu ba, Ministan Tsaronta na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Mu fa, wa za mu ɗora wa laifi?

Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da aka yi wa ƙarin girma saboda bajintarsa a yaƙi da Boko Haram, ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamban 2016. Shi ya yi suna, kuratan da suka faɗi tare da shi fa? Ma'aikatar Tsaro ta rubuta abin da kowanne ya yi, a karanta a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, a kuma biya matansu haƙƙinsu ba sai sun yi ta sintiri a ofisoshin Abuja ba.