Gaskiya ko Jita-jita: Abubuwan da Ake Faɗa Kan Kalmar OK

Da wuya a wuni ba a ji wani ya ce "oke" ba, ko a waya, ko a tasha, ko a saƙon WhatsApp. Farin jinin nan ne ya sa labarai suka taru a kanta. Ga huɗu mun ɗora a sikeli.

Ana cewa sojoji ne suka ƙirƙiro ta.

Jita-jita. Labarin shi ne wai a yaƙin basasar Amurka, idan an dawo daga fagen fama ba a rasa kowa ba, sai a rubuta sifiri da harafin K na kalmar killed, wato ba wanda aka kashe. Amma a 1861 aka fara wannan yaƙin, alhali kalmar ta fito a jaridar Boston Morning Post tun ranar 23 ga Maris, 1839. A lokacin 'yan jaridar birnin Boston na yayin ɓata rubutun kalmomi da gangan, sannan su taƙaita su don raha. Haka all correct, wato komai daidai, ta koma oll korrect, aka yanko haruffa biyun farko. Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya bi sawun wannan tarihi a binciken da ya wallafa a 1963 da 1964.

Ana cewa sunan wani shugaban Amurka ne.

Da ƙamshin gaskiya. Martin Van Buren, shugaba na takwas, haifaffen garin Kinderhook ne a jihar New York, ana masa laƙabi da Old Kinderhook. A zaɓen 1840 magoya bayansa suka kafa ƙungiya mai suna OK Club. Ya sha kaye a zaɓen, amma kamfen ɗin ya yaɗa kalmar. Tarar da ita ya yi, ba shi ya haife ta ba.

Ana cewa okay ce cikakkiyar kalmar, OK kuwa taƙaitawa ce.

Jita-jita. Haruffa biyun ne suka fara zuwa, daga baya aka rubuta lafazinsu. Manyan ƙamusoshin Ingilishi sun amince da duka biyun.

Ana cewa ma'anarta ɗaya ce: ya yi kyau.

Jita-jita, kuma a nan ne masu koyon Turanci suka fi tuntuɓe. Idan aka tambayi wanda ya faɗi daga babur ko yana OK, lafiyarsa ake tambaya. Idan shugaban ma'aikata ya yi OK ɗin takarda, kalmar ta zama aikatau: ya amince. Malami kan furta ta a tsakiyar darasi don ya rufe batu ya buɗe wani. A allon kwamfuta ko waya, maɓallin OK na nufin a zartar. A kasuwannin Najeriya ma wasu kan kira kayan gwanjo OK, amma wannan daga sunan garin Okirika ya samo asali.

Mafi santsi ita ce ta yabo. Baturen da aka tambaya yadda ya ji abinci ya ce OK, ba yabawa ya yi ba, "ba yabo ba fallasa" yake nufi. Aikinta kusan irin na "to" ne a bakin Bahaushe: akwai ta yarda, akwai ta gajiya da magana, akwai ta gargaɗi, kuma murya ce ke bambanta su.

A rubutu kuwa babu murya. Shi ya sa OK tsura a matsayin amsar doguwar wasiƙa kan yi kama da ko-in-kula. Idan babba ne ya aiko saƙon, ko kuma maganar aiki ce, gara a ƙara jimla guda da za ta fayyace abin da aka amince da shi.